Zanen da Na Ɗaura wa Inna Abu

Litinin, 5 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Littafin nan na Alheri ne, ragowar na makaranta da ta bari ta tafi gidan miji. Na yage shafi huɗu na farko, sauran nawa ne. Kowa a unguwar nan ya san bakina ba ya riƙe magana, gara in zuba ta nan da in zuba ta a bakin famfo.

Ɗazu Baban Alheri ya kira ni daga tashar Gwaram, yana jiran motarsa ta cika ya taho Birnin Kudu. Ya ce akwai wata tsohuwa, kwananta uku a rumfar masu faci, da ƙullin kaya da buta, kuma ba direban da ya yarda ya ɗauke ta. Daga wani ƙauye take can bayan Kwandiko, koro ta aka yi. Jikarta ce ta rasu bayan zazzaɓin kwana biyu, mutanen gari suka ce ita ta kama kurwar yarinyar. Sunan da suke kiran ta da shi ba zai shiga littafin nan ba.

Ya ce, "Maman Alheri, in kawo ta?"

Jiya Lahadi ni na fi kowa ɗaga murya a majami'a da ake waƙar ƙaunar maƙwabci. Yaya zan ce masa a'a ranar Litinin? Na ce ya kawo ta.

Fasinja huɗu suka sauka da ya sa ta a mota. Su biyu suka iso. Sunanta Abu. Na ɗora ruwa na yi mata wanka, abin da na gani a bayanta kuwa tsakanina ne da Allah.

Talata, 6 ga Agusta, da hantsi

Ta farka ta ƙura wa gicciyen da ke bango ido.

"'Yar nan, nan gidan Kiristoci ne?"

"E, Inna."

Har na shirya jin ta ce a mayar da ita tasha, sai ta ce, "To, ina ne gabas?"

Na nuna mata kusurwar da akwatina yake. Ƙafafunta sun kumbura, a zaune ta yi sallarta. Da ta idar ta kama hannuna ta ce abu ɗaya take roƙo.

"Gida ya tafi, 'ya'ya sun juya baya, duk na bar wa Allah. Amma in ta Allah ta kasance ina hannunki, a wanke ni, a sallace ni, a kai ni cikin Musulmi. Tun ban kai ɗaukar tulu ba nake sallar nan. Kada a jefa ni rami kamar mushe."

Na ce na yi alkawari. Da sauri na faɗa, kamar wadda aka ce ta miƙo gishiri. Sai da na fito tsakar gida na tambayi kaina da wane hannu zan cika shi, tunda ba nawa ne zai yi wankan ba.

Alhamis, 8 ga Agusta, bayan azahar

Mun kai ta asibiti. Likita ya kira ni gefe ya ce zuciyarta ta gaji, ruwa ya taru, mu koma gida mu lallaɓa ta. Na ce wata nawa? Ya ce in yi ta addu'a.

Fitsari ba ya riƙuwa yanzu. Kuma Inna ba ta salla da zanen da ya ɓaci, ko ɗigo ne. Ke nan zane biyar mai tsabta nake nema kowace rana, ban da na kwana, a tsakiyar damina. Ni da ban taɓa kula da lasifikar masallacin unguwa ba, yanzu kunnena yana can. In an kira sai in ce, "Inna, an kira la'asar," in sauya mata zane, in ajiye mata farantin rairayi ta yi taimama. Baban Alheri ya ce saura a ba ni ladanci.

Asabar, 10 ga Agusta, ƙarfe huɗu

Injin markaɗena tun safe bai yi kuka ba. Asabar fa, ranar da layin bokiti yake kaiwa bakin kwata. Na ga masu kai markaɗe suna wucewa ta gaban rumfata zuwa injin bakin titi, kowa ya kawar da kai. Labari ya riga mu isowa daga tasha.

Hajiya Ummussalma ta leƙo ta katanga. Shekara goma sha tara muna raba katangar nan da ita. Ita ke koyar da matan aure a islamiyya, kuma ita ke wanke gawar mata a unguwar nan.

Ta ce, "Maman Alheri, kin ɗauko wa kanki aiki."

Na ce, "Hajiya, ke ma kin yarda da maganar?"

"Ni ban yarda ba, rai a hannun Allah yake. Amma surukaina sun yarda, sun kulle mini jikoki a ɗaki tun shekaranjiya. Gida ya zama kurkuku."

Na so in kawo mata zancen alkawarin, na ga ba yau ba.

Lahadi, 11 ga Agusta, da yamma

Ruwa tun asuba. Zannuwa ba su bushe ba.

Litinin, 12 ga Agusta, da hantsi

Ruwa. Na shanya a ɗaki, na shanya a zaure, na shanya a kan injin. Ko'ina warin danshi. Na yi wa Baban Alheri masifa a kan cokali, cokali fa, ya ɗauki makullin mota ya fita bai karya ba. Inna ta ji mu, ta ce, "Saboda ni ne?" Na ce a'a, haka muke tun muna amarya da ango. Ta yi dariya, yau na fara ganin haƙoranta, guda shida ne.

Talata, 13 ga Agusta, bayan magariba

Rana ta fito wajen sha biyu amma zannuwa duk da danshi. Aka kira azahar, ba ko ɗaya busasshe, nawa da na Alheri duk suna kan igiya. Inna tana ta cewa lokaci zai wuce. Na buɗe akwati, saura ɗaya tal a ƙasa, a goge, a ninke: zanen zumuntar mata, wanda muke ɗaurawa ranar taro a majami'a. Shuɗi ne, da gicciye da sunan ikilisiyarmu a jiki. Ban tsaya tunani ba, mai tsabta nake nema. Na ɗaura mata, ta yi sallarta a ciki. Ba ta karatun boko, ta shafa ta ce wannan atamfa da kyau take.

Bayan nan ta ce tana son rana ta taɓa ƙafafunta. Tsakar gida caɓi ne, sai na fitar da ita ƙofar gida, na zaunar da ita a bencin rumfar inji. Tana nan zaune har masu zuwa sallar la'asar suka wuce.

Mama Hannatu, shugabar zumunta, ta biyo ta ji dalilin da ban je taro ba. Mun gaisa.

Alhamis, 15 ga Agusta, da safe

Ban ji daɗin jikina ba. Na share tsakar gida sau uku.

Juma'a, 16 ga Agusta, bayan la'asar

Hajiya ta kira ni katanga. Ba gaisuwa, ta miƙo mini wayarta. Hoton Inna ne a benci da zanen zumunta, Mama Hannatu a gefenta da irin zanen, ta dafa kafaɗarta. A ƙasa an rubuta a yi godiya ga Ubangiji, wata uwa ta shigo haske.

"Maman Alheri, gaskiya ne?"

Na ce wallahi ba haka ba ne, zannuwa ne ba su bushe ba.

"Zannuwa."

"Hajiya, da shi ta yi sallar azahar!"

Ta kalle ni ta kalli hoton. Ta ce ya zaga unguwa, ya shiga tasha, ta ji an ce har Gwaram ya kai. Da can ana tsoron ta ne kawai, yanzu ana cewa ta bar addini. Ta ce, "Kin san abin da wannan yake nufi ranar da ta cika?" Na sani. Ba mai wanka, ba mai salla, ba mai ɗaukar makara.

Na shigo na tarar da Inna tana jan carbi da 'yan yatsunta, don nata ya tsinke a ranar da aka kore ta. Ba ta san komai ba. Ban gaya mata ba.

Lahadi, 18 ga Agusta, ƙarfe biyu

Na je sujada a majami'a. Na dawo. Ba abin rubutawa.

Litinin, 19 ga Agusta, da asuba

Akwai abin rubutawa. Tunda ba mai karanta littafin nan sai ni, wa nake yi wa ɓoyo?

Ranar Talata ba gaisawa kawai muka yi da Mama Hannatu ba. Tana hango Inna da zanen ta ɗaga hannu sama ta rangaɗa guɗa, ta rungume ni, ta ce, "Liyatu, Ubangiji ya yi amfani da ke!" Na gane abin da ta zata. Kalma huɗu ce za ta gyara komai, zannuwa ba su bushe ba, to biyar. Ban faɗa ba. Murmushi na yi. Da ta miƙo mini wayarta ta ce in ɗauke su, ni na ɗauki hoton, da hannuna. Har na ce su matso kusa.

Jiya kuma aka ambaci sunana a gaban jama'a, aka ce in miƙe. Na miƙe. Aka tafa. Shekara ashirin ina share majami'ar nan ba a taɓa tafa mini ba, kuma ya yi mini daɗi. Wannan shi ne gaskiyar, ya yi mini daɗi, ga hoton da Hajiya ta nuna mini yana cikin kaina a lokacin.

Ina son Inna ta san Yesu? Ina so, ba zan ɓoye ba, kullum ina yi mata addu'a. Amma ba ta ce ba. Abin da ta ce na rubuta shi ranar shida ga wata. Na ɗauki matar da aka raba da komai, na sa hannu na ƙwace mata abu ɗayan da ya rage.

Na gaya wa Baban Alheri. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

Talata, 20 ga Agusta, da azahar

Numfashin Inna ya fara nauyi. Kunu cokali shida ta sha. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, na wanke tukwanen da na wanke jiya.

Alhamis, 22 ga Agusta, bayan magariba

Mun je neman ɗanta, Maikano, uban yarinyar da ta rasu. Na bar Inna da wata 'yar zumuntarmu. Hanya bayan Gwaram duk ruwa ya cinye, sau biyu muna fita muna tura mota. Ba mu shiga ƙauyen ba, Baban Alheri ya aika aka kira shi, ya same mu a bakin gonar gero. Dogo ne, idonsa irin nata.

Na ce, "Malam Maikano, Inna tana jin jiki."

Ya ce ya ji.

"Ka zo ka gan ta."

Ya tsinki ganyen gero yana yagawa. Ya ce shi bai taɓa cewa ita ce ba. Ranar da aka kore ta yana maƙabarta, kafin ya dawo an gama. Ya ce niyyarsa in hankali ya kwanta, bayan an yi girbi, ya je ya ɗauko ta ya kai ta wajen ƙanwarsa a Fagam. "Sai ga hoto. A majalisa aka nuna mini, gaban kowa. Aka ce ka gani, da ma mun faɗa. Yanzu da wace fuska zan ce uwata ce?"

Na gaya masa komai, har da murmushin. Ya saurara. Ya ce, "Baiwar Allah, ke kika ciyar da ita lokacin da ni ban yi ba, ba ni da bakin zagin ki. Amma maganarki ba za ta wanke ta ba, ke ce ake zargi. Sai Musulmi sun gani da idonsu."

Ya ciro carbi daga aljihu ya ce in kai mata. Bai ce a gaishe ta ba. Da muka juya na waiwaya, yana tsugune a inda muka bar shi.

Na ba ta carbin na ce daga Maikano. Ta shinshina shi, ta sa a ƙarƙashin kumatu, ba ta tambaye ni komai ba.

Asabar, 24 ga Agusta, ƙarfe uku

Gobe. Na shirya maganar da zan yi a majami'a sau goma ina tankaɗe, kowane karo sai ta fito da ni a mai gaskiya. Ba haka nake so ba.

Lahadi, 25 ga Agusta, bayan la'asar

Na ɗaga hannu a majami'a lokacin ba da shaida. Mama Hannatu tana ta murmushi, ta zata ci gaban labari ne.

Na ce Inna Abu Musulma ce, jiya Musulma ce, yau ma da asuba ni na ajiye mata rairayin taimama. Na ce zanen don ta yi salla na ɗaura mata. Na ce na san an fahimta ba daidai ba kuma na yi shiru don ina son yabo. Na roƙi duk wanda ya tura hoton ya bi shi da gyara. Wani jariri yana ta kuka a baya, na gode masa a raina don ya rufe mini rabin kunya.

Ba wanda ya tafa. Wata daga bayana ta ce, a hankali amma don in ji, "To amfanin me ke nan ajiye ta?" Na juya zan ba ta amsa, Allah ya taimake ni Baba Fasto ya riga ni. Ya ce ba a aiko mu mu yi ciniki da mai jin yunwa ba, ciyarwa aka ce mu yi. Ya ce a yi wa Inna addu'ar sauƙi, aka yi.

Mama Hannatu ta same ni a waje idonta ja. Ta ce na kunyata ta. Na ce ni na fara kunyata kaina, Mama. Ta ce ta goge hoton. Ta goge nata. Sauran ɗari nawa ne, oho.

Litinin, 26 ga Agusta, da hantsi

Baban Alheri ya raka ni wajen Malam Sada, limamin unguwa. A ƙofar gida muka same shi, aka shimfiɗa mini tabarma daga gefe. Na maimaita labarin, na gaji da jin sa a bakina.

Ya ce, "Maman Alheri, zane ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Wancan zargin na ƙauye kuma zalunci ne, na faɗa a masallaci ba sau ɗaya ba. Ni zan sallace ta ko ni kaɗai ne. Amma ni kaɗai ba zan wanke mace ba, ba zan haƙa kabari in ɗauki makara ba. Mutane nake bukata, su kuma abin da suka gani a waya shi suka riƙe."

Na ce to yaya za a yi?

Ya ce a gan ta a gidan Musulmi. Mata su shiga su fita, su ji ta da kunnensu. In ta cika a can, ba mai sauran magana. In ta cika a ɗakina, ko ya rantse musu, rabinsu za su ce rufa mini asiri yake yi don maƙwabtaka.

Na ce, "Malam, wane gida ne zai karɓe ta?" Ya ce wannan kuma sai in tambayi katangata.

Talata, 27 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Ban tsaya katanga ba, ta ƙofa na shiga. Surukan Hajiya suka kwashe yara kamar an ce ga maciji. Na durƙusa a gabanta, abin da ban taɓa yi ba.

Ta ce in tashi. Na ce sai ta ji ni. Ta ji. Ta ce gidan ba nata ba ne ita kaɗai, in wani yaro ya yi ko da atishawa ne, ita za a kama. Na ce na sani. Ta ce in ba ta lokaci. Na ce lokacin ne babu, Hajiya.

Ta sa mayafi ta biyo ni, karo na farko da ta taka ɗakina tun zuwan Inna. Ta tsaya bakin ƙofa. Inna tana kwance ido rufe, carbin Maikano yana tafiya a hannunta, leɓenta yana motsi. Hajiya ta matsa ta sunkuya ta kasa kunne. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago sai ta ce, "Innalillahi. Wannan ce aka ce ta bar addini?" Ta fita ba ta ce mini e ko a'a ba.

Laraba, 28 ga Agusta, da la'asar

Ana ta hayaniya a gidan Hajiya tun azahar. Na ji muryarta sama da ta kowa: "Ɗakina ne, gadona ne, wadda ba ta so ga hanya!" Sai shiru. Can ta leƙo ta ce gobe da safe.

Ya kamata in yi murna. Na zauna kusa da Inna na yi mata bayani dalla-dalla, hoton, maganar mutane, abin da liman ya ce. Hankalinta yana zuwa yana tafiya tun shekaranjiya, wani lokaci Raliya take kira na, sunan 'yarta ta Fagam. Ta ce to. Ban san wanne ta ce wa to ba.

Alhamis, 29 ga Agusta, da azahar

Mun kai ta.

Alhamis ɗin dai, kafin magariba

Na ɗaure mata ƙullin kayanta, na ɗauko butarta. Ta ga ƙullin da butar a hannuna. Baban Alheri ya sunkuya zai ɗauke ta, ta riƙe ƙafar gado. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba, sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Inna, nan ne fa, bayan katanga, taku ashirin. Don alkawarinki ne."

Ta kalle ni, idonta tar, yau ta gane ni sarai. Ta ce, "Ke ma, 'yar nan? Me na yi miki?"

Ba ta ƙara magana ba har muka kwantar da ita a gadon Hajiya.

Juma'a, 30 ga Agusta, ƙarfe huɗu

Na shiga duba ta. Tana jin muryata ta juya fuska bango. Na ce Inna ni ce. Ta ja mayafi ta rufe kai.

Hajiya ta ce in yi haƙuri, ciwo ne. Ta ce matan islamiyya bakwai sun shigo yau, da farko daga bakin ƙofa suke leƙe, daga baya biyu suka zauna suka yi mata karatu, tana bin su. Ɗaya ta fita tana kuka. Abin da ake so ke nan. Na san abin da ake so ke nan.

Asabar, 31 ga Agusta, da safe

Na dama kunun gyaɗa yadda take so, ba tsami, na miƙa ta katanga. Hajiya ta ce ta sha cokali huɗu. Na ce kin gaya mata daga ina? Ta ce ta ga gara ta sha tukuna.

Na sake shiga da hantsi. Bango.

Lahadi, 1 ga Satumba, bayan sujada

Na roƙi Ubangiji abu ɗaya yau, ya ba ta minti biyar na hankali, ni kuma ya ba ni bakin da za ta gane. Minti biyar. Ban ji wa'azin ba sam.

Litinin, 2 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Bayan sallar asuba Hajiya ta buga mana ƙofa. Ban bari ta faɗa ba, na gani a fuskarta.

Baban Alheri ya tashi mota ba fasinja ko ɗaya ya nufi Gwaram. Ni na shiga gidan Hajiya na zauna a tsakar gida cikin mata. Ɗakin da ake wankan a rufe yake, Hajiya da mata biyu suna ciki. Ina jin zubar ruwa. Sati uku da kwana uku ba hannun da ya taɓa jikin nan sai nawa, na san inda yake mata ciwo, har na buɗe baki zan ce su bi a hankali wajen kafaɗar hagu. Na tuna, na rufe bakina.

Wajen sha ɗaya mota ta dawo. Maikano ne a gaba, shi kaɗai. Ya shiga ya ga fuskarta kafin a rufe, ya fito yana dafa bango.

Aka fitar da ita ƙofar gida. Na koma zaurenmu na leƙa ta jikin ƙyaure. Malam Sada a gaba. Na zata mutum biyar za a samu ko shida. Sahu uku aka yi, na ƙirga mutum talatin da ɗaya, har da direbobi biyu na tasha da mijin babbar surukar Hajiya. Baban Alheri yana tsaye can gefe, hularsa a hannu. Da aka idar Maikano ya kama gaban makara, aka yi maƙabarta da ita, cikin Musulmi.

Da mutane suka ragu Hajiya ta shigo wajena, hannunta yana ƙanshin turaren gawa. Ta zauna a bakin gadon da babu kowa. Na yi ta juya tambayar, daga ƙarshe na yi ta.

"Hajiya, ta ambace ni?"

Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, Maman Alheri. Ba ta ambace ki ba. Da kalmar shahada ta cika, mu huɗu muka ji."

Na ce to madalla, abin da ta roƙa ke nan. Kuma har zuciyata na faɗa. Na raka Hajiya zaure, na yi mata godiya, na dawo na sa sakata, don kada kukana ya tsallaka katanga a ce wani abu ne kuma.